Jan Fenti a Rumfar Goggo Dudu

Abu na farko da na lura da shi da muka shiga Jimeta shi ne jan fenti. Ba zafin garin ba, wanda kowa a gida ya yi ta ja mini kunne a kansa. Muna sauka daga gada na ga shagon wani mai faci an ja masa layi biyu a gicciye da jan fenti, irin wanda Malamin lissafi yake yi mana in mun faɗi. Rumfar mai shayi da ke gaba ita ma haka. Kantin maganin da ke tsakaninsu kuwa ba a taɓa shi ba. Na so in tambayi wanda yake duba wa shaguna jarrabawa, amma kun san ni, 'yan ajinmu, tambaya takan zo mini har maƙogwaro ta koma. Tun da Malama ta ce kowa ya rubuta inda ya je hutu, bari in faro daga gida.

Mubi zuwa Gombi

Mun fito bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba. Baba ya raka ni tasha ya damƙa ni a hannun Malam Buba direba, abokinsa, ya ce kada ya sauke ni sai a hannun Goggo Dudu. Aka ba ni kujerar bayan direba, jikin taga, buhun gyaɗar da Inna ta aika wa Goggo yana ƙarƙashin ƙafata.

Goggo Dudu ƙanwar Baba ce. Tare muka gudu daga Mubi shekarar da 'yan tada ƙayar baya suka shigo garin, ina 'yar shekara huɗu. An saukar da mu a wata firamare a Jimeta, muka zauna a cikin aji. Da hankali ya kwanta mu muka koma gida, ita ta ce mu yi gaba, tana tafe da zarar ta sayar da tukunyar kunun da ta ɗora. Har yau tukunyar ba ta ƙare ba, ni kuma ban sake taka Jimeta ba sai wannan karon.

Bayan Mararraba muka tsaya a shingen sojoji. Buhunan yashin da suka jera sun yayyage, ciyawa ta tsiro a jikinsu har ta bushe. Sojan ya leƙo ya taɓa buhuna.

"Mene ne a ciki?"

"Gyaɗa ce, oga," in ji Malam Buba.

Ya ɗaga mana hannu. Wata tsohuwa a bayana ta ce a da nan sai kowa ya sauka, ya tako da ƙafa hannuwa a sama, ko da goyo a bayanki. Daga nan muka wuce Hong.

A Gombi muka karya da ƙosai da shayi. A nan na fara lura da igiya. Kusan duk babban garin da za mu shiga, akwai mutane masu riga mai ƙyalli sun ja igiya a hanya, sai Malam Buba ya miƙa kuɗi, su yago masa 'yar takarda, ya tura ta jikin gilashi. Ta nan koriya, ta can ruwan ɗorawa.

"Kowace ƙaramar hukuma da igiyarta," ya ce da wani fasinja. "Su ma yaran aike ne, ba na faɗa da su."

Ni dai na duba da kyau, ramukan hanya kafin igiya da bayan igiya girmansu ɗaya.

Song, Girei da gada

A Song na ga duwatsun nan uku da suke tsaye kamar mata sun haɗu a bakin rijiya. A Girei mata suka kewaye motar da tiren mangwaro, wata ta tura mini ɗaya ta taga ta ce in ɗanɗana, na rasa yadda zan ce a'a, sai da na saya. Rana ta kusa tsaka muka hau gadar Binuwai. Na zaci zan ga ruwa ya cika ido, sai na tarar kogin ya janye ya bar yashi fari fat, manyan motoci sun shiga har ciki suna lodi, can gefe kuma mutane sun yi lambu a inda ruwa yake kwana da damina. Muna sauka, sai jan fentin nan.

Damilu

Goggo na jira a tasha, ta ɗaure ƙugu da gyale. Ta riƙe haɓata ta juya fuskata dama da hagu.

"Sa'adatu ce wannan? Tsawo kamar gora, baki kamar na kifi. Har yanzu ba kya magana?"

Na ce, "Ina yi, Goggo."

"To ajiye abinki, nawa ya ishe mu mu biyu."

Keke muka hau, don an daɗe da hana babur ɗaukar fasinja a garin tun lokacin tashin hankali. Kafin mu kai unguwar Damilu Goggo ta gaya wa mai keken ra'ayinta a kan farashin mai, da kansilan unguwarsu, da fitilun titi da ke ci da rana su mutu da dare. Mai keken dai "gaskiya ne, Mama" yake ta cewa.

Rumfarta ta katako ce da rufin kwano, tana jingine da katangar makarantar nan da aka saukar da mu lokacin gudu, gabanta kuma ya hau kan kwatar titi, an shimfiɗa alluna a kai. Kunun gyaɗa take sayarwa da masa. Na durƙusa zan ajiye buhu, sai na ga ashe rumfar ba a kafe take a ƙasa ba, a kan tsofaffin tayoyin mota huɗu take zaune. Goggo ta ce kafintan da ya yi ta ɗan gudun hijira ne irinta, ya ce wa zai haƙa rami ga mai tafiya jibi. Na miƙe, sai ga shi a jikin ƙofa: layi biyu a gicciye, ja wur, fentin ya ɗan zubo ya bushe.

A nan tambayar ta fita da kanta. "Goggo, wa ya yi wannan?"

"Masu gari. Wai duk abin da ya hau kwata a ɗauke shi kafin ruwan farko, in ba haka ba su zo da motar rusau. Ki duba bayana, katanga ce. Ki duba gabana, titi ne. Ina zan matsa? Sama?"

Washegari da hantsi mai karɓar haraji ya zo, wani magidanci mai suna Sale, da rigarsa mai ƙyalli da daurin takardu a hannu.

"Goggo, a fito lafiya?"

"Ga angon hukuma nan. Sale, kai ba ka jin kunya? Hannunka na dama yana karɓa, na hagu yana shafa mini fenti."

"Haba Goggo, masu fenti ofishinsu daban."

"Uwarku ɗaya! In rumfar nan haram ce, kuɗinta ya aka yi ya halatta?"

"Ki tambayi manya. Ni dai zuba mini kunu, kada ki cika tsamiya."

Ta ba shi kuɗin, ta ba shi kunun, ya yago mata takarda, ta soke ta a wani ƙusa da ke jikin ginshiƙi. Takardun da ke ƙusan sun yi kauri kamar burodi. Na ɗauka ajiye su take yi don shaida, sai da asuba na ga ta zaro guda uku ta hura wuta da su.

"Amfanin haraji ke nan da na gani da idona," ta ce. "Yana kama wuta da wuri."

Kwanakin da na yi ina wanke mata kofuna na ji ra'ayinta a kan komai. Ta ce ba ta ƙin biyan haraji, ko a Mubi ta biya, amma mai biya yana da hakkin ya ga abin da aka saya, ko da kwandon shara ne. Ta ce kansila kamar wata yake, sai an sha jira ya leƙo, da sabulu da turmin atamfa. Ta ce manyan kantuna ba a shafa musu fenti saboda su da ma sun ja baya sun bar wa motocin masu saye fili, talaka ne ba shi da bayan da zai ja. Makaranta kaɗai ce ba ta taɓa ambata ba, alhali bayanta na jingine da katangarta. Akwai wata ɓaraka a katangar, daidai kafaɗata, ta nan take miƙa wa yara kunu in ana karatu. Na lura duk lokacin da wata mata doguwa mai tabarau ta fito daga ƙofar makarantar, Goggo sai ta sami abin gogewa a ƙasan tebur.

Adarawo

Ranar Juma'a muka tafi unguwar Adarawo a cikin Yola gaida Bappa Hamman, yayan su Baba, wanda ya yi aikin gwamnati a sashen ayyuka har ya yi ritaya. Tsakanin Jimeta da Yola ba nisa, amma kamar an canja tashar rediyo. Hayaniya ta ragu, katangu suka yi tsawo, gaisuwa ta koma Fulatanci, ana yin ta a hankali kamar ba za a gama ba. Aka kawo mana dakkere, irin dambun nan na gero, da kindirmo a ƙwarya.

Ba a gama ci ba suka fara.

"Dudu, ruwa ba ya karanta takardar haraji," in ji Bappa. "Bara ba a unguwarku ya shiga ɗakunan mutane ba? Kwata hanyarsa ce. Kun rufe ta da alluna, kuna zuba mata toka da leda."

"Ni ban taɓa zuba leda ba, Hamma."

"Ke ba ki zuba ba, na kusa da ke ya zuba. Wannan karon hukuma ta yi daidai."

"To ta nuna mini inda zan koma mana! Iyaye in sun ce tashi daga nan, sai su ce zauna can."

Bappa ya yi dariya ya ce ƙaramar hukuma ba uwa ba ce, 'yar riƙo ce, abin da aka sammata daga sama da shi take cefane. Goggo ta ce 'yar riƙon da ke da jiniya a mota ba ta ba ta tausayi. Ta tashi ta shiga ciki yin alwala.

Bappa ya dube ni ta saman tabarau. "Ke mai shiru, kin ga babbar bishiyar dogon yaro a cikin makarantar nan?"

Na ce na gani.

"Mata biyu suna sayar da abinci a gindinta da izinin shugabar makaranta. Akwai wurin ta uku. Maza shida za su ɗaga rumfar goggonki su shigar da ita kafin shayi ya huce. Amma sai ta roƙa, ita kuwa ba za ta roƙa ba."

Sai ya ba ni labari. Wai shekarun baya an yi taron iyaye, Goggo ta je saboda marayan da take riƙo a lokacin. Ta miƙe a gaban jama'a ta ce kullum ana karɓar kuɗin tsintsiya da na alli, amma yara a ƙasa suke zama, ina bencinan suke? Shugabar, Malama Saratu, ta amsa ta ce waɗanda suka dafa tuwo da bencinan makaranta a shekarar gudu ba su ne za su tambayi inda benci yake ba. Tun daga ranar ko sannu ba ta sake haɗa su ba.

"Da gaske mun ƙona?" na tambaya.

"Damina ce, 'yata, itace ya jiƙe, ga yara suna kuka. Kun ƙona."

A keken komawa hadari ya haɗu ta gabas, iska ta taso ta watse ba a yi ruwa ba. Goggo ta daɗe tana kallon sama.

Cikin makaranta

Ana jibi zan tafi, Goggo ta shiga kasuwa sayen shinkafar masa ta bar ni da rumfa. Na leƙa ta ɓarakar katanga na ga Malama Saratu zaune a baranda ita kaɗai, ko da yake hutu ake yi. Na zuba kunu a kofi mai murfi, na roƙi mai shayi ya duba mini rumfa, na zagaya ta ƙofa. Sau biyu ina juyawa kafin in kai.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta dubi kofin, ta dube ni.

"Daga rumfar Dudu? Ita ta aiko ki?"

"A'a, Malama. Ni 'yar wanta ce. A nan muka zauna lokacin gudu. Ina so in ga ajin."

Ta tashi ta ɗauko makullai. Ban san ajin ba, ita ta sani. Ta ce mutanen Mubi a aji uku aka sa su, ajinta ne a lokacin.

An sake fenti, amma ƙusoshi suna nan a jere a bango, sama da kan yara, inda aka ɗaura igiyoyi aka rataya zannuwa don raba iyali da iyali. A kusurwa, can jikin rufi, baƙin hayaƙi ya huda farin fentin ya fito. Na tsaya a ƙarƙashinsa, sai wani wari ya dawo mini, na katako mai fenti yana ci, wanda na daɗe ina zaton a mafarki na san shi. Bencina a ajin ba su kai rabi ba. Sauran wurin tabarmi ne a naɗe.

"Ni na buɗe musu sito," Malama ta ce daga bakin ƙofa. "Na ce su fara da karyayyun. Da karyayyu suka ƙare, na kau da kai."

Ta zauna a kan benci ta buɗe kunun ta kurɓa.

"Har yanzu tana cika tsamiya. Goggonki ta tambayi abin da ni ma nake tambaya. Na rubuta wa ofis har na gaji, sai a ce ana dubawa. Kuɗin allin nan da shi nake sayen allin, in na fasa karɓa a rubuta da gawayi. Amma ta tsayar da ni a gaban iyaye kamar ɓarauniya, ni kuma na jefe ta da abin da bai kamata a jefi mutum da shi ba."

Na ce, "Malama, an shafa mata jan fenti."

"Ina da ido, 'yata. Kullum ta gabansa nake wucewa." Ta nuna bishiyar ta taga. "Ga inuwa can, ba ta kowa ba ce. Amma ba zan ɗauki inuwa in kai wa mutum har gida ba. Ba na neman ta ba ni haƙuri. Ta shigo ta ƙofa ta ce ina kwana, in ce lafiya lau. Shi ke nan."

Ta miƙo mini kofin, babu ko ɗigo.

Na koma rumfa na wanke shi kafin Goggo ta dawo. Yini guda ina neman bakin da zan gaya mata, ban samu ba. Da na buɗe baki sai ta riga ni da labarin tsadar shinkafa.

Komawa gida

Malam Buba ne ya dawo da ni. Mun bar Jimeta da sassafe, muka bi igiyoyin nan ɗaya bayan ɗaya, a Hong muka tarar an yi yayyafi ƙasa tana ƙamshi, muka shiga Mubi kafin la'asar. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Malam Buba da bai bar ni na biya kuɗin ƙosai ba, da Bappa Hamman, da mai shayin da ya tsare rumfa bai tona ni ba.

Da na shiga gida Baba ya dubi hannuna ya ce, "Ina tsarabar Dudu?" Yana da dalilin tambaya. Duk danginmu sun san dokar Goggo: yaron da ya kwana a ɗakinta, ranar tafiya shi zai faɗi tsarabar da yake so da bakinsa, ita kuma ba ta taɓa cewa a'a ba. Tana alfahari da haka. Yayana ya taɓa cewa agogo, ta saya masa. Ni kuwa na dawo da jakata kawai.

Ga abin da ya faru. A tashar Jimeta, an gama lodi, Malam Buba ya tayar da mota, Goggo ta riƙo hannuna ta taga.

"To, kifi, buɗe baki. Me za a saya miki? Takalmi? Gyale? Faɗi da sauri, kin san ba na hanawa."

"Ko mene ne, Goggo?"

"Ji yarinya! A gaban mutane za ki gwada ni? Buba, kai ne shaida. Ko mene ne."

Malam Buba ya ce ya shaida. Fasinjoji suka juyo suna kallona. Can bayan rumfunan tasha hadari ya sake haɗuwa, ya fi na ran Juma'a duhu. Na riƙe hannunta da hannuwana biyu don kada ta zare.

Na ce, "Goggo, gobe da safe ki zuba kunu a kofi mai murfi, ki rage tsamiya, ki shiga makaranta ta ƙofa. Malama Saratu tana baranda. Don Allah ki ce mata ina kwana."